Keken Da A Ke Hawa A Kishingiɗe

Da wuya a sami yaron da bai san keke ba, ko a birni ko a ƙauye. Waɗansu dattawa su kan kira shi basukur, waɗansu kuwa su yi masa kirari su ce dokin ƙarfe. Manomi ya kan ɗaura buhun gyaɗa a bayansa ya nufi kasuwa, malami ya kan hau shi ya tafi makaranta, ɗan aike kuma ya kai saƙo da shi tun rana ba ta yi zafi ba. Dukansu hawa iri ɗaya su ke yi. Mutum ya ɗare bisa sirdi kamar mahayin doki, ya sunkuya kaɗan ya kama kan keke, ƙafafunsa suna ƙarƙashinsa suna taka feda. Shi ya sa mutane da yawa su ke tsammani babu wata hanyar hawan keke sai wannan.

Amma akwai wani irin keke dabam wanda ba shi da sirdi ko kaɗan. Kujera gare shi mai majingini. Mahayinsa ya kan kishingiɗa a cikinta kamar wanda ya dawo daga gona ya jingina da gindin bishiya, ya miƙe ƙafafunsa gaba, gama can feda ta ke. Faransawa da Jamusawa da mutanen Holan suna kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce keken kwanciya. A ƙasashen nan, da Ingila da Amurka, a ke yawan ganinsa. Ko a can ma bai kai keken da aka sani yawa ba, har yara su kan tsaya su bi shi da kallo in ya wuce.

Siffarsa

Kekunan nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai dogo, wanda tayarsa ta gaba ta ke can gaba da feda. Wannan yana da daɗin tafiya a miƙaƙƙiyar hanya, amma yana da wuyar juyawa a lungu. Akwai kuma gajere, wanda fedarsa ta zarce tayar gaba, tana bisa wani ƙarfe da ya miƙe kamar ƙaho. Sau da yawa tayar gaba ta fi ta baya ƙanƙanta, don ƙafafun mahayi su sami wurin juyawa. Abin riƙewa kuwa, a waɗansu yana daidai ƙirjin mahayi, a waɗansu yana ƙarƙashin kujera, sai ka ga mutum ya saki hannuwansa gefe da gefe kamar ba ya riƙe da kome.

Tun da ya ke feda ta yi nisa da tayar baya, sarƙar keken nan doguwa ce ƙwarai, ta kan kusa ninka ta keken da aka sani sau uku. A kan bi da ita ta kan waɗansu 'yan gargare, a zura ta cikin bututun roba, don kada baƙin mai ya ɓata wandon mahayi.

Har wa yau akwai masu ƙafa uku. Wani yana da taya ɗaya a gaba, biyu a baya. Wani kuwa biyu a gaba, ɗaya a baya, shi ne Turawan Ingila su ke kira da sunan talibambam, don kansa da faɗi, wutsiyarsa siririya. Mai ƙafa uku ba ya faɗuwa in an tsaya, mahayinsa ba ya bukatar ya sa ƙafa ƙasa. Akwai ma wanda a ke rufe shi ruf da wani ƙoƙo marar nauyi mai siffar kifi, kan mahayi kaɗai a ke gani. Mutanen Holan sun gwanance wajen ƙera irin wannan.

Gaba da iska

To, mene ne ya sa mutum zai bar sirdi ya koma kujera? Dalili na fari shi ne iska. Ko da ya ke ido ba ya ganinta, iska tana tare duk abin da ya ke so ya ratsa ta. Wanda ya buɗe tafin hannunsa ya tari iska ran da a ke hunturu mai ƙarfi zai ji tana tura shi baya. In ya juya hannun ya ba ta gefensa, sai ya ji turin ya ragu. Hannun bai sāke ba, faɗin wurin da iska ta ke bugu ne ya ragu.

Haka al'amarin ya ke ga mai keke. In yana tafiya a hankali, ba ya jin iska sosai. Amma in ya ninka gudunsa sau biyu, turin iska ba sau biyu zai ninku ba, sau huɗu ne. In ya ninka sau uku, turin ya ninku sau tara. Saboda haka mai gudu da keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yawancin ƙarfinsa wajen faɗa da iska ya ke ƙarewa. Mai zama bisa sirdi ƙirjinsa da cinyoyinsa duk suna tare iska. Mai kishingiɗa kuwa ƙafafunsa ne a gaba, jikinsa na bayansu, sai ya ratsa ta kamar kibiya. Dabarar da shaho ya ke yi ke nan sa'ad da ya naɗe fikafikansa ya kawo sura.

Dalili na biyu shi ne hutun jiki. Wanda ya taɓa yin doguwar tafiya bisa sirdi ya san yadda mazaunai su ke zafi, wuyan hannu ya sage, wuya ya ƙage don ɗaga kai. A kujera kuwa nauyin mutum ya kan bazu ko'ina a bayansa, hannuwansa ba su ɗauke da kome, kansa kuma yana duban gaba ba da wahala ba.

Asalinsa

Wani Bajamushe, Karl von Drais, shi ya fara ƙera abin hawa mai ƙafa biyu, ɗaya a bayan ɗaya, cikin shekara ta 1817. Na itace ne, ba shi da feda, da ƙafa a ke tura shi. Daga baya aka sa feda a ƙasar Faransa. A shekara ta 1885 wani mutumin Ingila, John Kemp Starley, ya fito da keke mai sarƙa irin wanda aka sani yau, sa'an nan a 1888 John Dunlop ya yi masa tayar da a ke hura wa iska. Tun a zamanin nan maƙera suka fara gwada kekunan kishingiɗa, amma ba su yi suna ba sai da wani Bafaranshe, Charles Mochet, ya sa hannu.

Shi Mochet maƙerin ƙananan motoci ne a Puteaux, kusa da birnin Faris. An ce matarsa ce ta ji tsoron kada ɗansu Georges ya faɗi daga keke, sai uban ya ƙera wa yaron wata 'yar mota mai ƙafa huɗu wadda a ke tuƙawa da feda. Da ya ga tana da gudu, sai ya shiga ƙera manya yana sayar wa waɗanda ba su da kuɗin mota mai inji. Sunanta Velocar. Bayan 'yan shekaru ya rage ƙafafun suka koma biyu, ya bar kujerar yadda ta ke.

Mochet ya so duniya ta ga abin da kekensa zai iya, sai ya nemi wani mai tsere, Francis Faure. A lokacin ba a lissafa Faure cikin manyan gwanaye ba, har abokan tserensa suka riƙa yi masa dariya da suka gan shi a kishingiɗe. Masu tseren keke suna da wani gwaji mai wuya, watau mutum ya yi ta kewaya fili shi kaɗai har awa ɗaya, a auna nisan da ya ci. Tun shekara ta 1914 wani gwani, Oscar Egg, mutumin Suwizalan, ya ci kilomita 44 da mita 247, aka shekara 19 ba a sami wanda ya wuce shi ba. Ran 7 ga watan Yuli, 1933, Faure ya hau keken Mochet a Faris, ya ci kilomita 45 da mita 55. Ya wuce Egg da mita 808 ke nan.

Nan fa gardama ta tashi. Waɗansu suka ce ai wannan ba keke ba ne, dabarar maƙeri ce ta ci, ba ƙarfin mahayi ba. Waɗansu suka ce abu mai taya biyu da sarƙa da feda, wanda ƙarfin mutum kaɗai ke tafiyar da shi, in ba keke ba mene ne? A shekara ta 1934 hukumar tseren keke ta duniya, wadda a ke kira UCI, ta kafa sababbin dokoki, ta ƙayyade inda feda za ta zauna da nisanta da sirdi. Keken kishingiɗa bai shiga cikin awon nan ba, aka hana shi tsere, aka kuma cire sunan Faure daga jerin gwanayen awa ɗaya. A cikin shekarar nan Charles Mochet ya rasu. Ɗansa Georges bai karaya ba. Ya rufe keken da ƙoƙo mai santsi, kafin a fara Yaƙin Duniya na Biyu Faure ya wuce kilomita 50 da shi a awa ɗaya.

Dokar nan ta yi wa keken babbar illa. Masu saye abin da suka ga gwanaye suna hawa su ke so, masu ƙira kuma abin da a ke saye su ke ƙerawa. Aka yi wajen shekara 40 kusan an manta da shi. Har yanzu ma ba a shiga da shi manyan tsere irin su Tour de France.

A cikin shekarun 1970, sa'ad da man fetur ya yi tsada a ƙasashen Turai da Amurka, masana suka sāke waiwayarsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne David Gordon Wilson, mutumin Ingila, wanda ya taɓa koyarwa a Nijeriya kafin ya zama shehun malami a babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka. Shi da abokan aikinsa suka fito da wani keken kishingiɗa mai suna Avatar 2000 wajen shekara ta 1980, maƙera da yawa suka yi koyi da shi. Aka kuma kafa ƙungiyoyin da su ke shirya nasu tsere, inda doka ɗaya ce babba, watau kada a yi aiki da wani ƙarfi sai na mutum.

Akwai wani gari, Battle Mountain, a jihar Nevada ta Amurka, mai wata miƙaƙƙiyar hanya cikin hamada. Wurin yana bisa tudu, iskarsa ba ta da kauri. Can masu neman gudu su kan taru. A kan rufe mahayi cikin ƙoƙo, mataimaka su tura shi ya tashi, ya yi ta ƙara wuta har wajen kilomita 8, sa'an nan a auna gudunsa cikin mita 200 na ƙarshe. A shekara ta 2016 wani mutumin Kanada, Todd Reichert, ya kai gudun kilomita 144 a awa, watau ya ratsa mita 200 ɗin nan cikin sakan 5. Kekensa ko taga ba shi da ita, ta na'urar ɗaukar hoto ya ke ganin hanya.

Hawan yau da kullum

Amma yawancin masu keken nan ba tsere ya dame su ba. Shan iska su ke yi da shi, ko zuwa wurin aiki, ko ziyara ran hutu. Wanda ya fara hawa, ko da ya gwanance da keken sirdi, sai ya koma ɗan koyo. Ya kan zauna ya kama birki, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya aza bisa feda, ya saki birki ya tura da ƙarfi, sa'an nan ya yi maza ya ɗauke ɗayar ƙafar. Ran farko keke ya kan yi ta tangaɗi, don ɗan koyo yana ƙanƙame abin riƙewa, yana ɗago bayansa daga kujera. Sai ran da ya saki jiki ya jingina sosai keke zai miƙe. Ƙafafu ma su kan yi 'yan makonni kafin su saba, gama turi gaba ba daidai ya ke da taka ƙasa ba.

In an saba, abin da mahaya su kan fara yabo shi ne kallo. Mai sirdi tayar gaba da ƙasa ya kan fi gani. Mai kishingiɗa kuwa sararin sama ne a gabansa, da gizagizai, da kawunan itatuwa, da tsuntsaye suna wucewa. In ya gaji sai ya tsaya a inuwa, ba sai ya nemi wurin zama ba, gama da kujerarsa ya ke tafe. Guzurinsa da famfo da kayan faci suna cikin jaka a ƙarƙashin kujera. A ƙasar Holan, inda ƙasa ta ke shimfiɗe kamar tabarma, iskar teku kuma tana busowa da ƙarfi, ga hanyoyin keke an ware su dabam da na mota, a nan ne a ke shan daɗinsa sosai.

Duk da haka yana da nasa wahalce-wahalce. Babbarsu ita ce tudu. Mai keken sirdi in ya iso tudu ya kan miƙe tsaye ya danna feda da nauyin jikinsa. Mai kishingiɗa ba shi da ikon haka, sai dai ya sa ƙaramar giya, ya dafa bayansa ga kujera, ya yi ta juya ƙafa da sauri yana hawa kaɗan kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. In an kai gangara kuwa, sai ya wuce waɗanda suka bar shi a baya. Haka kuma ba ya iya ɗaga jikinsa in ya zo rami, duk girgizar a bayansa ta ke sauka, don haka hanya mai gargada ko yashi ba tasa ba ce. In ana ruwa, a cikinsa da cinyoyinsa ruwan ya ke taruwa. In ana rana, fuskarsa ta ke duka, bayansa kuma ya jiƙe da gumi, shi ya sa a ke yin waɗansu kujerun da raga. Karnuka su kan zo daidai fuskarsa, dawaki kuma su kan firgita da shi don ba su saba ganinsa ba. Ga shi kuma da tsada, tun da ba a ƙera shi da yawa.

Tsare kai

Ta wata fuska keken nan ya fi na sirdi aminci. In mai sirdi ya danne birkin gaba farat ɗaya, ya kan wuntsila ta kan keke ya faɗi da ka. Mai kishingiɗa nauyinsa yana ƙasa ƙasa, da wuya ya wuntsila, in ma ya faɗi ba daga nesa ya faɗo ba, kuma ƙafafunsa ne a gaba, ba kansa ba.

Amma gajartar nan tasa ita ce kuma hatsarinsa. Direban babbar mota yana iya duba ta taga bai ga kome ba, alhali keke na nan gab da tayarsa. Saboda haka mahayi mai hankali ya kan kafa doguwar sanda a bayan kujera, ya ɗaura mata tuta mai launi mai haske, ya kunna fitila gaba da baya ko da rana, ya sa hular kwano. Ba ya raɓa babbar mota a mararraba. Tun da ya ke waiwaye yana da wuya ga wanda ya jingina, madubi ya zama wajibi. Masu ƙafa uku kuwa su kan sa takalmin da ke maƙalewa jikin feda, don in ƙafa ta zame ta taɓa ƙasa ana cikin gudu, keke yana iya janye ta ƙarƙashinsa. Rigakafi ya fi magani.

Waɗanda ya fi amfana

Akwai mutanen da keken nan ya zame musu abin da ya fi wasa. Tsoho wanda ya ke tsoron faɗuwa, da mai ciwon baya ko wuya, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana shi tsayuwa daidai, da yawansu sun yi ban kwana da keke, sai mai ƙafa uku ya komo da su kan hanya. Wanda ƙafafunsa ba su aiki kuma akwai irin wanda a ke juyawa da hannu. Ɗan'uwan wannan sananne ne a Kano da sauran garuruwan ƙasar Hausa, inda masu walda su ke ƙera kekuna masu ƙafa uku don waɗanda shan inna ya taɓa, su tafi makaranta da kasuwa da ƙarfin damtsensu.

Doguwar tafiya ma ba ta gagare shi ba. A shekara ta 2013 wata mace Ba'amurkiya, Maria Parker, tana da shekara 50, ta shiga tseren ratsa ƙasar Amurka daga bakin teku na yamma zuwa na gabas, tafiyar wajen kilomita 4,800. Bisa keken kishingiɗa ta yi ta, cikin ƙasa da kwana 12, ita ce kuma ta zo ta fari a cikin mata.

Keken sirdi ya fi arha, ya fi sauƙin gyara, ya fi jure mummunar hanya da ɗaukar kaya, don haka ba za a raba shi da manomi da ɗan kasuwa ba. Keken kishingiɗa ya fi shi ratsa iska da hutar da jiki. Ko wanne da wurin da ya fi dacewa. Abin lura a labarinsa shi ne, an yi wa Faure dariya tun ba a ga gudunsa ba, an kuma ture keken gefe shekaru da yawa ba don ya kāsa ba, sai don bai yi kama da wanda ido ya saba gani ba. Yaron da ya ga baƙon abu, gara ya tambayi yadda ya ke aiki da amfanin da a ke yi da shi kafin ya yanke masa hukunci.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya keken kishingiɗa ya bambanta da keken sirdi?
2. In mai keke ya ninka gudunsa sau biyu, sau nawa turin iska zai ninku?
3. Wane ne Francis Faure, me ya yi a shekara ta 1933?
4. Me ya sa aka kusa mantawa da keken nan bayan shekara ta 1934?
5. Don me hawan tudu ya ke yi wa mai kishingiɗa wuya?
6. Waɗanne abubuwa uku ne mahayi ya kan yi don direbobi su gan shi?